Hanon da Ya Sauko Daga Dutse

Makon jiya jikata ta tsinto ƙirare a gindin danga ta zuba a murhu. Ina ɗaki ina ninke kaya sai wani ƙamshi ya shigo ya same ni, ban san lokacin da na fito tsakar gida ba, ko takalmi babu. Yarinya ta tsorata, ta zaci wani abin kirki ta ƙona. Na ce mata, "Hura wutarki, ba ki yi laifi ba." Na jawo turmi na kifa na zauna ina shaƙar hayaƙin nan kamar marar hankali. Ƙamshin hano ne, kuma duk ranar da ya bugi hancina sai in koma yarinya mai kallabi a karkace a gidan ubana.

In kai ɗan birni ne wataƙila ba ka san hano ba, ko ka san shi a ƙulle cikin leda a gaban masu maganin gargajiya. Itacen dutse ne. Ba ya son fadama, ba ya son ƙasa mai taki, ya fi son ya cusa saiwarsa a tsagar dutse inda ko ciyawa ba ta kama ba. Ɓawonsa yana ɓarewa siriri kamar ɓawon albasa, in ka ɗan sassaƙe shi sai farin ƙaro ya tsattsafo mai ƙamshin lubban. Da rani kuwa yakan zubar da ganyensa kakaf, ya tsaya tsirara, wanda bai san halinsa ba sai ya rantse ya mutu. Ka riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Ƙauyenmu yana arewa da Kano, tsakanin Dawakin Tofa da Bagwai. Mu ba mu da daji. Gona ce manne da gona tun daga bayan katangar gida har inda ido ya tsaya, kuma kowace kuka, kowace ɗorawa, kowane gawo da mai shi. Ka karya reshe a gonar wani kafin la'asar maganar ta kai gaban mai unguwa. Abu ɗaya ne ba na kowa ba, dutsen da ke bayan gari. Can ake kora awaki, can mata ke tsintar itace, can kuma hano yake. Ina ƙarama na san shi da yawa a jikin dutsen, fari-fari, ana hango shi daga bakin rijiya.

Kakata ta wajen uba ita ce ungozomar garin. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, baki ja wur da goro, harshe kuma ba sauƙi. Sunanta aka sa mini, don haka take kirana Takwara, Baba kuma yana kirana Uwata. Babu wanda ya girma a garin nan da ba ita ta yanke masa cibi ba, har liman. In ya tsawaita wa'azi takan ce ta san shi tun yana tsala ihu a kan tsumma, kuma tun ranar bai iya yin shiru ba.

Tana da wani garin magani da take ba masu jego. Ana zuba shi a ruwan wanka, ana ɗan barbaɗawa a kunun kanwa, mace ta ji ƙashinta ya koma wurinsa. Ba wanda ya san abin da ke ciki. Ita kaɗai take dakawa a ɗakinta, ta gauraya shi da wasu 'yan tarkace har kamanninsa da ƙamshinsa su ɓace. A wajen mutanen da, magani sirri ne, in ka ambaci sunansa a bainar jama'a ya karye. Haka uwarta ta ba ta, haka ita ma ta riƙe. In wata mai baki ta matsa da tambaya sai Kaka ta ce, "Sunansa sha ki warke."

Akwai abu na biyu da ya kamata ka sani. Baba shi ne ɗan farinta. Yaran yanzu ba za su gane ba, su da uwa ke rungume ɗan fari a gaban surukai tana kiransa da sunan gayu. A zamaninmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta zama hira da shi. Kullum da safe Baba zai tsuguna a ƙofar ɗakinta ya ce, "Iya, ina kwana," ita kuwa ta amsa tana kallon bango. In tana da magana da shi, ko yana tsaye a gabanta, ni za ta juya wa ta ce, "Takwara, gaya wa ubanki rufin ɗakina yana yoyo." Ni kuma in juya in gaya masa abin da ya riga ya ji da kunnensa. Kada ka ce ba ta son sa. Duk goron da ya fi kyau a cikin wanda aka ba ta wajen suna, na Baba ne, ta hannuna yake bi, kuma sai ta ja mini kunne kada in ce daga ita yake.

Sai shekarun fari suka zo. Ba zan tsaya ina ba ka labarin yunwa dalla-dalla ba, wanda ya gan ta ba ya son maimaitawa. Damina ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Wata shekarar ta biyo ta da irin halinta. Rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye, har ɓerayen ma suka gaji suka tafi. Muka ci tafasa, muka ci yaɗiya, muka ci dusar da a da kaji ake zuba wa. Rijiya ta ja baya har sai an ƙulla igiya a kan igiya, abin da guga zai fito da shi ma rabinsa laka ne.

Da gona ta hana, sai kowa ya waiwayi dutse. Wasu fatake suka fara zuwa daga birni suna sayen ɓawon hano buhu-buhu. Samari suka hau da wuƙaƙe da gatura, suna feɗe itace zagaye, daga gindi har inda hannu ya kai. Itace kuwa in an zagaye shi an raba shi da ransa, zai tsaya a tsaye amma damina ba za ta sake tashe shi ba. Masu itacen wuta suka bi bayansu suna sare gawarwakin. Kaka tana zaune a ƙofar ɗaki tana hango dutse yana yin sanƙo, tana taunar goro da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi. Ba ta hana su ba. In ta hana, za a tambaye ta dalili, in ta faɗi dalili ta tona asirin maganinta.

Amma tana da nata a ɓoye. Can ƙololuwa ta bayan dutsen akwai wata tsaga da sarƙaƙiya ta toshe bakinta, sai rema ke shiga. A ciki akwai hano guda, babba, wanda uwarta ta nuna mata. Shekarar da gwiwoyinta suka fara ƙin hawa, ta ɗauke ni wata safiya muka tafi kamar masu tsintar itace. Muna hawa tana hutawa tana zagin gwiwoyin nata. Muka rarrafa ta ƙarƙashin ƙaya, sai ga shi. Ta dafa shi kamar yadda ake dafa kafaɗar ɗan'uwa. A nan ta koya mini yadda ake ɗiba: ka yi bismilla, ka sassaƙi faɗin tafin hannu ta gefe ɗaya, kada wuƙa ta kai ƙashin itace, ka kwaɓa laka ka shafe ciwon, kuma kada ka koma wurin sai ya warke. Na ga tabon hannunta da na uwarta a jikinsa, duk sun rufe. Da za mu sauko ta kama kunnena ta murɗa.

"In na ji wannan magana a bakin wani, ko ubanki ne, sai na yanke harshen nan na ba kare."

Daga ranar ni ce ƙafarta. Na riƙe sirrin nan da alfahari, ina tafiya a gari ina jin na fi kowa. Kafin a jima sauran hanon dutse suka ƙare tas, ya rage namu shi kaɗai, kuma daga ni sai Kaka muka san yana nan.

A shekarar da ta fi kowace tsanani Inna, mahaifiyata, tana da tsohon ciki. Yawancin mazan gari sun tafi cin rani, Baba ya ƙi tafiya saboda ita. Ya sayar da awaki, ya sayar da babbar rigarsa ta sallah, ya rage daga shi sai jaki da gatari. A da jakin nan itace yake kaiwa birni ya dawo da taki a mangala. Yanzu ba wanda ke maganar taki, itace zai kai bakin titi ya dawo da ɗan abin da za a sa a tukunya. Ranar da ya samo itace mu ci, ranar da bai samo ba mu sha ruwa mu yi salati. Itacen dutse kuwa ya ƙare, kullum sai ya ƙara hawa sama.

Wata la'asar ya shigo da jaki ya yi kaya niƙi-niƙi, har yana 'yar waƙa, abin da na daɗe ban ji ba. Ya sauke a bayan zaure ya tafi masallaci. Ni ce da girki saboda Inna ba ta iya sunkuyawa. Na zari 'yan ƙananan rassa a gefen kayan na cusa a murhu ba tare da na duba ba. Wuta ta ƙi ci, sai hayaƙi. Ina hurawa ina hawaye, sai na ji ƙamshin. Kafin in ɗago Kaka ta fito daga ɗaki, matar da sai an kama ta take tashi, ta zo ta sa hannu tsirara cikin murhu ta zaro reshen. Ta kankare shi da farce, ta kai hanci. Sannan ta dube ni.

Na ce, "Wallahi Kaka ban gaya wa kowa ba."

Ta ce, "Na sani. Ai da kin gaya masa da bai sare ba."

Baba ya dawo ya same mu tsaye a kan kayansa. Kaka ta juya mini ta ce in tambayi ubana inda ya samo itacen nan. Ya ce a wata tsaga ce can bayan dutse, ya bi sawun rema ya sare ƙaya, sai ya ga hano a tsaye ba ganye ko ɗaya, ya ɗauka mataccen ne irin sauran. Ya ce da gatari ya shiga ya ga da ɗanye-ɗanye, to amma ya riga ya fara, ga kuma gida ba ko ƙwaya, sai ya ƙarasa. Har ƙasa ya kai shi.

"Gaya masa," in ji Kaka, "da ruwan itacen nan aka yi mini wankan haihuwarsa. Da shi aka wanke uwar kowa a garin nan. Kuma daga shi babu wani."

Ban maimaita ba, ba sai na maimaita ba. Baba ya zame ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Na taɓa ganin ubana da yunwa, na gan shi da zazzaɓi, amma ban taɓa ganin ya ƙanƙance irin na ranar ba. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin Kaka, na ce a raina mutum yana tsugunawa a ƙofarki kullum safiya, me zai hana ki gaya masa?

Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Ina! Kaka ba ta da lokacin wannan. Ta sa aka kwance kayan, ta zauna a kan tabarma tana jawo rassa ɗaya bayan ɗaya tana kankarewa da farce. Duk wanda ya kai kaurin damtse, miƙaƙƙe, kore a ƙarƙashin ɓawo, sai ta ware shi gefe. Ta ce hano yana kamawa in an kafa reshensa, ta ga uwarta ta yi tun tana yarinya, kuma lokacin da ya zubar da ganye shi ne lokacin dashensa. Kafin ta gama ta kwashe duk na kirki, abin da ya rage bai kai a ɗora wa jaki ba.

Baba ya ce a hankali, yana kallon ƙasa, "Iya, kayan nan fa shi ne abincin gobe. Ga mai ciki."

Sai muka ji muryar Inna daga bakin ƙofarta, tana zaune ta jingina da bango. "Malam, a dasa. Kwana da yunwa ba yau na fara ba. In na haifi mace, da me za a wanke ta ranar tata haihuwar?"

Washegari ba a ɗora tukunya a gidanmu ba. Kaka ta feɗe ɓawon gangar jikin itacen ta shanya, ta ce wannan zai ishi Inna da sauran masu cikin da ke kan hanya, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Rassan ta sa aka jingine su a inuwa bakin saran ya ɗan bushe. Ni kuwa na saci jiki na hau dutse in ga ko kututturen zai yi toho. Na tarar an riga ni. Tunda ƙaya ta buɗe, wasu sun shiga sun tone shi har saiwa. Na dawo na gaya mata, ta gyaɗa kai kawai. Yanzu duk hanon da ya rage a ƙasarmu shi ne 'yan sandunan nan da ke jingine a bangon ɗakinta.

Matsala biyu ta tsaya mata. Ta farko ruwa, don a lokacin ko na sha aunawa ake yi. Wannan ta warware shi da wuri. Ta ce duk tsananin fari ba a daina alwala ba, kuma hano ɗan dutse ne, ba ya son ruwa da yawa. A haƙa rami taku ɗaya daga inda maigida ke alwala, a zuba tsakuwa, a kafa reshen, ɗan abin da ya gangaro daga buta ya ishe shi. Ta biyun ce mai wuya. In an kafa su duka a gida ɗaya, gara ko akuya ɗaya ta isa ta gama da su. Dole a rarraba gida-gida. Kuma wa zai tsare sanda a shekarar da ake tone kututture don girki, in bai san ko mece ce ba?

Ta wuni tana tunani, ko goro ba ta ci ba. Da safe ta ce in zagaya in kira mata matan gari. Suka cika tsakar gidanmu, ramammu, da goyo da tsofaffi, suna zaton rasuwa aka yi. Kaka ta miƙe da sandarta, ta ɗaga reshe ɗaya sama.

"Kun daɗe kuna tambayata abin da ke cikin garin jego. To ga shi. Hano ne. Hanon da 'ya'yanku suka feɗe suka sayar ina kallo na yi shiru."

Aka ɗauki salati. Wata tsohuwa ƙawarta ta tafa hannu ta ce, "Ke kuwa! Kin karya maganinki da bakinki."

Kaka ta ce, "Maganin da itacensa ya ƙare, me ya rage a karya?"

Ni na yi rabon. Ina ɗauke da sanduna a ka ina shiga gida-gida, ina maimaita karatun Kaka: tsakuwa a rami, taku ɗaya daga wurin alwala, a kewaye da ƙaya, kada a juya shi kai ƙasa. Yarinyar da jiya aka ce za a yanke wa harshe, yau ita ce mai shela. Baba ya kai wa liman ɗaya aka kafa a masallaci.

Kada ka zaci duka suka kama. Na masallaci ne ya fara tafiya, ruwa ya yi masa yawa ya ruɓe, Kaka ta ce dama komai na liman sai ya wuce kima. Gara ta ci wasu. Akuya ta ture wasu tana sosa jiki. Wani gida kuma na je dubawa na tarar da rami kawai, matar gidan ta sunkuyar da kai ta ce yara ne suka kwana biyu ba su ci ba, ta samu ɗan gari ba ta da abin hura wuta. Ban ga laifinta ba a lokacin, ban gani ba har yau. Amma kullum na dawo da irin wannan labari sai in ga Baba ya tashi ya bar wurin.

Namu yana gefen danga, kusa da ƙofar zaure. Baba ya daina alwala a masallaci, a nan yake yi, ya gama ya tsaya a tsugune yana kallon sanda har sai an tayar da salla. Ya yi mata kewayen ƙaya da ko kaza ba ta ratsawa. Yana tona gindinta da yatsa yana neman gara, yana barbaɗa toka. Abokansa suna tsokanarsa wai Malam ya dasa taɓarya yana jiran ta haifi turmi, shi kuwa ko murmushi. Ya ci gaba da neman itace da jakinsa, sai ya yi tafiyar wuni zuwa wajen Bagwai, amma duk itacen da zai sara sai ya fara kankare shi da farce.

Cikin haka Inna ta sauka, namiji. Kaka ta dafa ɓawon nan a gaban kowa, ba ɓoyo ba gauraye, aka yi wanka, aka dama kunu da ɗan geron da dangin Inna suka aiko. Matan gari suka zuba ido su ga ko magani ya karye. Inna ta miƙe garau. Aka yi suna ba rago, sai bayan shekaru aka yanka.

Bazara ta shigo da zafinta. Hadari yakan taso daga gabas ya yi baƙi, mu fito muna kallo, iska ta kwashe shi. Sanda tana nan yadda take, har ɓawonta ya fara yamutsewa. Ni kam na fid da rai, ban dai faɗa ba.

Wata safiya ina shara, Kaka tana zaune a gefen danga tana shan hantsi, Baba yana zaure yana ɗaura wa jaki akumari. Sai na ga ta miƙa wuya, ta matsa, ta kare ido da hannu. Na leƙa. Can kusa da kan sandar, wasu 'yan ƙananan abubuwa ne ja-ja suka tsago ɓawo, kamar kan ashana. Toho! Na yar da tsintsiya zan ruga zaure, don na san abin da za ta ce, gaya wa ubanki. Sai ta riƙe mini zane.

"Tsaya, Takwara."

Ta gyara murya, ta ɗaga kai, ta kira shi da sunansa na yanka. Da ƙarfi, yadda uwa ke kiran yaro daga wasa.

Inna tana ba jariri nono, ta daskare. Ni kaina sai da na waiga in ga wa ake kira, don ban taɓa jin sunan nan a cikin gidanmu ba. Muka ji akumari ya faɗi a zaure. Baba ya shigo yana tuntuɓe, mutum mai furfura a gemu, fuskarsa kamar ta yaron da aka tasa daga barci. Ya tsaya nesa yadda ya saba. Ba ta juya bango ba, ba ta neme ni ba. Ta dube shi ido cikin ido.

"Matso ka ga aikinka. Ya kama. Allah ya yi maka albarka."

Ya durƙusa a gaban sandar nan ya rufe fuska da hannun riga. Kaka ta kwance bakin zanenta ta ciro goro ta miƙa masa da hannunta. Daga nan ta koma halinta, washegari ma bango ta kalla da ya zo gaisuwa, kuma har ta bar duniya ba ta sake kiran sunan ba. Amma Baba ya canza tafiya tun daga ranar, ya koma ɗaga kai.

Bayan namu, na wasu 'yan gidaje ma suka yi toho. Ruwa ya sauka a ƙarshe, ba mai yawa ba, amma ya ishi ɗan dutse. Da suka yi ƙarfi aka sari rassansu aka kafa wasu, daga waɗannan aka kafa wasu.

Yau in ka je garinmu ba za ka gane dutsen ba. Masu fasa dutse sun cinye gefensa ɗaya, manyan motoci suna kwasa suna kaiwa birni. Babu hano ko ɗaya a kansa. Ina jin malaman gandun daji a rediyo suna cewa itacen yana cikin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu a ƙasar nan, saboda masu feɗe ɓawo, kuma gaskiya suka faɗa, na ga buhunan da idona a kasuwa. Amma ni ba na cikin masu cewa ya tafi ke nan. Ka zaga bayan gidajen garinmu ka ga danga, ka ga wuraren alwala. Ni na gaji aikin Kaka, har asibiti suka kira mu suka ƙara mana horo, kuma duk matar da na karɓi haihuwarta ba na barin gidan sai na kafa mata reshe na koya mata ɗiba: faɗin tafin hannu, gefe ɗaya, a shafe da laka. Na aurar da shi garuruwa da dama tare da 'yan mata. Wanda ke dangar gidan nan da jikata ta tsinci ƙirarensa, da hannuna na kawo shi ranar da aka kawo ni.

Ranar nan da hayaƙin ya lafa na kira jikar tawa na ce ta faɗi sunan itacen. Ta ce hano. Na ce ta ƙara da ƙarfi maƙwabta su ji. Ta yi dariya ta ce Kaka ta fara rikicewa, ni ke nan.

Na farin da ya yi toho kuwa yana nan a ƙofar zauren gidan ubana, ya yi kaurin da mutum ɗaya ba ya rungume shi, jikinsa duk tabon hannun mata, kuma duk sun rufe. Baba ya daɗe da rasuwa. Mutanen gari ba sa ce wa itacen hano kawai, da sunan Baba suke haɗawa, hanon wane. Direbobi da shi suke kwatance, yaran da ba su taɓa ganinsa ba suna cewa mu haɗu a gindinsa. Ni ba zan rubuta sunan a nan ba, ubana ne. Uwarsa sau ɗaya tak ta kira shi a gindin itacen nan, ga shi yau gari duka ana ta kira.